Ranar da Muka Ɓoye Kududdufi

Abin da na fara gani da mai mashin ya sauke ni a ƙofar gidan Gwaggo a Ƙaura shi ne agwagi suna iyo a tsakiyar layi. Hankalinsu kwance, uwa a gaba 'ya'ya a baya, suna zagaya wani takalmin roba da ya kife. Daga Gurbin Bore na zo hutun makaranta, kuma a garinmu ruwa in ya sauka yakan kama hanyarsa ya wuce gona. Wannan kuwa ya samu wuri ya zauna. Gefensa ya yi kore, an jera duwatsu a ciki ana takawa, kowa a layin ya san dutsen da yake rawa ban da ni. Da ƙafa ɗaya a jiƙe na yi sallama.

Na tarar da autar Gwaggo, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, kwance da zazzaɓi. Gwaggo ta ce duk damina haka take, bara ma sai da aka yi mata ƙarin jini a asibiti. Da magariba na ga dalili. Sauro yana tasowa daga kududdufin ya shigo ta zaure kamar an aika masa goron gayyata.

Ban yi nisa da hutun ba mai unguwa ya sanar a masallaci cewa ma'aikatan ƙaramar hukuma za su zo duba layinmu. Mijin Gwaggo, wanda nake kira Baba Direba saboda yana jan mota tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ya ce shi ba sai an yi masa bayani ba, 'yan duba-gari ne masu binciken tsafta. Ya ce yana yaro sun taɓa cin mahaifiyarsa tara saboda 'yar tsutsa a randa, to ina ga mutanen da suka ajiye tafki a ƙofar gida. Maza suka yarda da shi nan take, domin shi ne mai yawan tafiya.

Aka shiga aiki. Aka yi ta zuba yashi da baro, kududdufin yana haɗiyewa. Da aka gaji sai aka kawo tsofaffin kwanon rufi da wata ƙofa da ta ɓalle, aka shimfiɗa a kai, aka barbaɗa yashi, aka baza tabarmi, aka ɗora benci. Agwagin aka kora su makewayinmu aka sa sakata. Wani tsoho maƙwabcinmu mai tari aka tuna masa cewa ya daɗe bai gaida 'yarsa a Banga ba, aka ɗora shi a mashin. Auta kuwa aka sa mata kayan Sallah, aka rambaɗa mata kwalli da hoda don kada ciwon ya nuna, aka goya mini ita.

Da hantsi suka iso, namiji ɗaya riƙe da taswira a nannaɗe, da wata ma'aikaciyar lafiya mai farin hijabi. Aka zaunar da su a bencin, daidai inda agwagi suka fi son nitso. Ni ina bakin zaure, Gwaggo tana bayan ƙyaure tana leƙe.

Matar ta yi bayani a fili. Ta ce ba tara suka zo ci ba. Za a gina lambatu, wato magudanar ruwa, a garin, amma ba za a iya yin kowane layi a bana ba, shi ya sa suke zagayawa su ga inda ruwan da ke kwanciya ya fi sa mutane ciwo, a fara da nan. Baba Direba ya juya ya ƙifta wa maza ido, wato ga dabarar nan da ya faɗa musu.

Ta tambaya ko sauro yana damunmu. Mai unguwa ya ce ya dai ji ana cewa akwai shi wajen Shinkafi. Yana faɗa yana marin wuyansa. Ta tambayi zazzaɓin yara, aka haɗa baki aka ce lafiya lau, sai godiya. Mai taswira ya ce an gaya musu ruwa yana taruwa a wannan layin.

"Wane ruwa, ranka ya daɗe?" in ji Baba Direba. "Mu nan ko alwala ka zubar, kafin ka miƙe ta bushe."

Sai wani kwaɗo ya amsa daga ƙarƙashin tabarma. Baba Direba ya yi tari don ya rufe kukan, ya tuna an hana tari a layin yau, ya mai da shi salati. Maza suka taya shi. Baƙin ma suka taya, don ba a jin salati a yi shiru.

Ni dai idona yana kan ƙafafun bencin. Na baya biyu suna nutsewa a hankali, gefen tabarmar yana canja launi, har mai taswira ya fara zama a karkace bai sani ba. Ya warware takardarsa ya ce wa matar, da alama nan ba su da matsala, a fara da layin bayan tasha. Maza suka yi ajiyar zuciya, har wani ya ce a kawo wa baƙi fura.

Na waiga na ga fuskar Gwaggo. Ita ta gane. Amma ba za ta fito gaban maza ta ƙaryata mijinta da mai unguwa ba. Auta kuma tana bayana, zafin jikinta yana ratsa zane kamar na goya tukunyar da aka sauke yanzu.

Kafin su tafi matar ta shigo zaure gaida mata. Ta shafa kumatun auta, hoda ta biyo yatsunta, ta ɗan tsaya tana kallon Gwaggo. Gwaggo ta sunkuyar da kai ta ce rana ce ta buge ta. Daga can ciki ana jin agwagi suna dukan ƙofar makewayi da baki.

A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, malamai da yawa ba su san muryata ba. Matar ta juya za ta fita, na ga hannuna ya riƙe bakin hijabinta. Ta sunkuyo, sai da na maimaita kafin ta ji.

"Anti, don Allah kada ki tafi tukuna. Ki sa a buɗe wa agwaginmu, ki tsaya ki ga inda za su nufa."