Takarda ta Uku da Kuɗin Makkar Yayata

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koya wa ƴaƴan mutane lissafi a lakwal, wato makarantar boko, daga Tajaye zuwa Malbaza, har na dawo gida Konni na yi ritaya. Na zane yara ba iyaka a kan sun kasa raba goma sha biyu gida uku. Amma ranar da aka miƙo mini takardu uku kacal in karanta, a kan kuɗin da ba nawa ba ma, biyu na duba, ta ukun na naɗe na cusa aljihu. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Kuɗin na yayata ne. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma tun ina ɗan lakwal take tuyar ƙosai a bakin tasha, nan inda ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja. Ba ta taɓa zama a aji ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta mata kowace na ɗakinta, ita kuma buri ɗaya ya rage mata a duniya, ta je Makka. Da adashe ta fara, ta sayi tunkiya, tumaki suka zama karsana, karsana ta zama shanu biyu da wani Bafillace ke yi mata kiwo a wajen Bazaga. A shekarar da nake magana ta sayar da shanun, ta haɗa da abin da take ɓoyewa cikin tukunya, kuɗin kujera ya rage saura kaɗan. Sai dai kujerar ba ta tsayawa wuri ɗaya, duk shekara ana ƙara mata kuɗi, in Yaya ta matsa taku ɗaya ita ta matsa biyu.

A lokacin ne wasu attajirai suka haɗa kamfanin albasa. Su saya a hannun manoma ta wajen Galmi lokacin da take arha, su ajiye, su loda wa manyan motoci a kai ƙasashen bakin teku. Suka buɗe buro, wato ofis, a cikin gari, fenti kore, fanka na juyawa, ga na'ura a kan tebur. Shugabansu wani Alhaji ne da ba ya rasa sahun farko a masallaci, sai darakta mai farin tabarau wanda ba ya gama magana bai tsoma Faransanci ba. Suka ce duk mai so ya kawo jari a yi da shi. Na fara sa ɗan abin da na samu na sallama. Bayan wata shida aka kira taro, aka yanka raguna, aka miƙa wa kowa ambulan da ribarsa a bainar jama'a. Daga ranar na zama mai shelar kamfanin, ba wanda ya ɗauke ni aikin, ba wanda ya biya ni.

Da ƙafata na je na sami Yaya tana kwashe ƙosai daga kasko.

Na ce, "Yaya, kuɗɗin ga da kinka ɓoye, ba su haihuwa cikin tukunya. Ki kawo a sa su kampani, shekara guda ki cika kujerarki har da guzuri."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. Mushe take kirana, yadda ƴan lakwal ke kiran malaminsu, rabi girmamawa rabi tsiya. Ta ce, "Mushe, ni ban san kampani ba. Kai ad da karatu. Amma ka kai ni in gani da idona."

Na kai ta taron shekara. An kafa rumfa a gaban buro, maza a kujeru, mata a tabarma can gefe, an jera motoci uku shaƙe da buhunan albasa a bakin titi don kowa ya gani. Kuma mun gani. Mu nan haka muke auna ɗan kasuwa, da yawan motocin da ya loda. Darakta ya raba wa masu karatu takardu uku-uku. Ta farko ta nuna albasar da aka sayar da abin da aka kashe, ga riba a ƙasa an ja mata layi biyu, lamba mai ƙiba. Ta biyu ta jera dukiyar kamfani, rumbuna, motoci, da kuɗin da ake bin mutane. Ta ukun kuwa lambobi ne wasu a cikin baka, wasu da ɗan karan ragi a gabansu. Kowace kalma ta Faransancin da ke kai na iya karanta ta, amma abin da suke nufi a haɗe ban gane ko ɗaya ba. Darakta ya ce wannan ta mutanen banki ce, kada ta wahalar da mu.

Wallahi daɗi na ji da ya faɗi haka, don ya fitar da ni. Mutane sun kewaye ni, manoma, ƴan tireda, wani tsohon soja, kowa na cewa, "Mushe, mi takarda tac ce?" Ni da na koyar da ƴaƴansu, in buɗe baki in ce ban gane ba? Na gyara hula na ce, "Lahiya lau, riba ce tsantsa."

Sai na ji muryar Yaya daga tabarmar mata.

"Alhaji, gahwara dai. Albasar ga da kunka ce kun saida, an ba ku kuɗɗinta, ko ba a ba ku ba?"

Aka kwashe da dariya. Darakta ya yi murmushi ya ce, "Inna, an saida, ga shi nan an rubuta."

Ta ce, "Ba rubutu nit tambaya ba, ɗana. Ni in mutum ya ci ƙosaina bai biya ba, ban saida ba, ci yay yi."

Dariyar ta ɗauke. Alhaji ya haɗe rai, bai ko kalli inda take ba, ni ya kalla. Ya ce, "Mushe, yayarka tuhumarmu take?" Kunya ta rufe ni. A wurinmu ka tambayi babban mutum ina kuɗi a gaban jama'a, ka kira shi ɓarawo ke nan. Na juya na daka wa matar da ta goye ni tsawa, na ce, "Yaya, ki yi kurum! Nan ba bakin tasha ba ne."

Ta yi kurum ɗin. Washegari ta kawo mini kuɗin a ƙulle cikin tsohon ɗankwali, duk suna warin man gyaɗa da hayaƙi, ta ce tunda na ce lafiya, lafiya ce. Ni na ƙirga su a gaban darakta, ni na sa hannu a madadinta.

Shekara ta zagayo ba ambulan, ba rago. In ka je buro sai a ce kuɗi na hanya. Ka koma, a ce masu saye can bakin teku sun nemi a ƙara musu lokaci. Manoman da aka ɗauki albasarsu suka fara zaman dirshan a ƙofa. Wata rana na wuce na tarar an cire fanka, wata rana kuma na tarar da kwaɗo a ƙofa, darakta an ce ya yi tafiya. Maniyyata suka biya kuɗin kujera, aka kira sunaye, Yaya tana bakin kasko.

Ina da maƙwabci, wani tsohon ma'aikacin baitulmali, Bazabarme da aiki ya kawo shi Konni tun da jimawa ya zauna. Shekaru muna shan shayi tare bayan la'asar, ban taɓa nuna masa takardun nan ba, saboda kada ya ga akwai abin da ban sani ba. Sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada na kai masa. Bai tsaya kan ta farko da ta biyu ba, ta ukun ya shimfiɗa a gwiwa, ya bi ta da yatsa, ko minti biyar bai yi ba ya ɗago.

Ya ce ita wannan ba ruwanta da abin da aka ce an sayar. Kuɗin da suka shiga akwati da waɗanda suka fita kawai take ƙirgawa, kuma tana faɗin ta wace ƙofa. Ya nuna mini layin sama, na sana'ar kanta, saye da sayar da albasa. Lambar tana cikin baka. Ya ce baka na nufin fita ta fi shiga, wato albasar ba ta kawo ko dala ba a shekarar, ci ma take yi. Na ce to ribar da aka ja wa layi biyu fa? Ya ce in tuna yadda ake cinikin albasa a nan. Ana loda mota a kan amana, a yanke farashi ta waya, kuɗi kuwa sai an sayar can, bayan an cire wadda ta ruɓe a hanya, in ma mai sayen ya ga dama ya aiko. Su kuma ranar da mota ta tashi suke rubuta an sayar, da cikakken farashi. Ribar tana kan takarda, kuɗin suna aljihun wasu mutane a ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba.

Sai ya sauko da yatsa zuwa layin ƙasa, inda lambar take babba ba baka. Ya ce duk abin da ya shigo kamfanin nan ta nan ya shigo, rancen banki da jarin sababbin mutane. Na tambaye shi ambulan ɗin da aka ba ni fa, daga ina? Ya ce daga kuɗin waɗanda suka shigo bayana. Na ce ragunan? Ya ce su ma. Daga nan ya cire tabarau ya ce, "Malam, ba wanda ya tambaye su ko an biya su?"

Tambayar da wannan mutum ya yi shekaru a buro kafin ya iya, yayata ta yi ta daga kan tabarma, kyauta, ni kuma na rufe mata baki don kada ran Alhaji ya ɓaci. An ce kunyar mara kunya asara ce, to ni asarar ma ba tawa na yi ba.

Ban jira na huce ba, gidan Alhaji na nufa. Na same shi a zaure yana jan carbi. Na faɗi abin da ke bakina, har da wanda bai kamata mai furfura ya faɗa ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Mushe, ƙaddara ce, kasuwa ta gaji haka. Kuma mu ba mu ɓoye komi ba. Takarda na hannunka, kai kak karanta ma mutane, kai kac ce musu lahiya lau." Na so in shaƙe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, bai yi ƙarya ba. Sun rubuta gaskiyar ƙiri-ƙiri, sun miƙa mana, don sun san irinmu, sun san mai karatun cikinmu ya gwammace ya mutu da ya ce bai gane ba. Ina jin haushinsa, ina jin haushin darakta da tabaransa, ina jin haushin duk wanda ya yi dariya a rumfar nan, amma in na jera su a sahu ni ne liman.

An kai ƙara, ana ta zuwa ana dawowa, har yanzu ba wanda ya ga ko jikka ɗaya, wato sefa dubu. Ni kuma na ɗauki takardun na tafi gidan Yaya, na zauna a ƙasa, na yi mata bayanin layin sama da layin ƙasa yadda maƙwabcina ya yi mini. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Na ce ta yafe mini, na ce zan riƙa cire mata wani abu daga fansho duk wata, ko da yake mu biyun mun san fanshon malamin lakwal ba zai kamo kujerar da ke gudu ba. Ta ce, "Ta hwaru ta ƙare, an yi ma mai dami guda sata." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na tashi na bar takardun a kan tabarma, ban ko iya ɗaukarsu ba.

Bayan kwana uku na bi ta tasha da safe. Tana nan a kan ƴar kujerarta, mace mai shekara sittin da wani abu, idanu sun yi ja don hayaƙi, ta sake shiga sabon adashe na jikka ɗaya a mako. Tun ina yaro ban taɓa biyan ƙosai a wurinta ba, zuwa nake in miƙa hannu. Na gaishe ta, ta amsa. Ta ɗebo guda biyar masu zafi, ta jawo takarda daga ƙarƙashin faranti ta naɗe su. Mai ya ratsa takardar, na hango lambobin nan na cikin baka. Na miƙa hannu in karɓa, sai ta riƙe ƙunshin, ta buɗe mini ɗaya tafin.

Ta ce, "Kuɗɗi hannu, Mushe. Nan bakin tasha ne."

Na laluba aljihu na biya.