Hujin da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Ɗankwali

Har yau ban manta ranar da kunnena na hagu ya kusa raba Isuhu da aikinsa ba. Isuhu mutumin Maraɗi ne, shi ne furodusan shirin tattaunawar da nake gabatarwa a sashen Hausa na gidan rediyonmu a nan Washington. A lokacin kwantiragi yake, bai zama cikakken ma'aikaci ba, irin matsayin da kuskure ɗaya ya isa a ce maka an gode.

Abin ya faro ne a watan Agusta, shekarar da 'yata Hanifa za ta tafi jami'a. Ta ce tana so mu yi wani abu tare, ni da ita, wanda za mu riƙa tunawa. Na ɗauka hoto za mu ɗauka. Ashe hujin kunne take nufi, kuma ba a fatar ƙasa inda kowace mace ke da shi ba, can sama a kan guringuntsi. Na ce mata ni da nake da hawan jini da tabarau biyu, ina ni ina wannan? Ta langaɓar da kai ta ce, "Mama, don Allah," da Hausarta mai ɗingishi. Yarinyar da sai ta ga dama take amsa mini da Hausa. Haka na tsinci kaina a wani shago a Annandale, zaune a kujera, wata Baturiya mai zane-zane a fatar jikinta har wuya tana ɗiga mini alama a kunne.

Gaskiya matar ta san aikinta. Ta sa safar hannu, ta ɓare sabuwar allura a gabana, kafin in gama bisimilla an wuce wurin. Sannan ta yi mana bayani: a fesa ruwan gishiri na kwalba safe da yamma, kada a taɓa, kada a juya ɗan kunnen, kada a kwanta a kansa, kada a bar komai ya danne shi. Ta ce guringuntsi ba kamar fatar ƙasa ba ne, watanni yake ɗauka kafin ya warke. Ina gyaɗa kai, a zuciyata ina cewa ji yarinya za ta koya mini huji. Ni da kakata ta huda da allurar ɗinki da zare tun ban san kaina ba, aka cire zare aka sa tsinke, aka shafa man shanu, shi ke nan.

Saboda haka na dawo gida na yi irin ta kakata. Kullum sai na murza shi don kada ya manne, na lafta masa man kaɗanya. Hanifa ta bi dokar Baturiya, ta tafi makaranta da kunnenta lafiya lau.

Babbar matsalata ofis ce. A sashenmu ni ce Hajiya Rabi, wadda sababbin ma'aikata ke kawo wa ƙara, wadda ke yi wa 'yan mata faɗa a kan shigar da ba ta dace ba. Kunya ta hana ni bari a ga wannan abu a kunnena. Sai na sauya ɗauri, na ja ɗankwali ya rufe kunnuwan ruf, na tamke. Har yaba mini aka yi, wai sabon ɗaurin ya yi mini kyau.

Ga wanda bai san ɗakin watsa shiri ba, bari in yi bayani. Mai gabatarwa tana zaune gaban makirfo, furodusa yana bayan gilashi. Hedfon ne kaɗai ya haɗa su. A namu tsarin, kunnen dama kina jin abin da ke fita ga masu sauraro, kunnen hagu kuma muryar furodusa ce, ke kaɗai ke jin ta. Nan yake ce miki lokaci ya kusa, ko layi ya yanke, ko ki sauya tambaya. Ni kuwa duk kunnuwan duniya, na hagun na miƙa aka huda.

Hedfon ɗin yana sauka a kan hujin daidai. Ɗankwali ya danne, hedfon ya ƙara dannewa, man kaɗanya yana ta aikinsa a ciki. Kafin wani lokaci kunnen ya kumbura, ya yi ja, yana zogi har cikin haƙori. Sai na ƙirƙiro dabara: in an kunna jar fitilar da ke nuna shiri ya fara fita, sai in zame ɓangaren hagu ya dawo kan kumatuna, in murɗa ƙarar har ƙarshe don in riƙa tsinkayo Isuhu. Ban lura cewa na kawo muryarsa dab da makirfo ba. Ni a ganina na yi wayo.

Ranar da abin ya faru, shirin da mutanen gida ke ji bayan isha ne, mu nan bayan azahar muke yin sa. Baƙonmu ta waya wani dattijon likita ne da ke zaune a Gaithersburg, farfesa, mutumin da jama'armu a nan ke girmamawa ƙwarai. Aibinsa ɗaya, in ya kama magana ba ya ajiyewa. Na yi masa tambaya a kan ciwon suga, ya ɗauko ta tun daga zamanin da yake ɗalibi. Isuhu ya yi mini magana a hankali, ban ji ba. Ya sake, ban ji ba, domin zogi ya cika mini kai. Sai ya ɗaga murya.

"Hajiya, katse tsohon ga! Walle ya cika zuba!"

Na ji shi sarai. Matsalar ita ce na ji shi a kunnen dama.

Farfesa ma ya ji, haka masu sauraro. Ta cikin gilashi na ga Isuhu ya ɗora hannu biyu a ka. Ban san yadda na rufe shirin ba, na dai tuna na gode wa farfesa har sau ba adadi, shi kuma ya ce, "Madalla," ya ajiye waya.

Kafin mu fito, saƙonnin masu sauraro sun fara shigowa. Malam Kabiru, shugaban sashe, ya kira mu ofishinsa. Mutum ne marar hayaniya, amma ranar ko zama bai ce mu yi ba.

"Isuhu, wane maɓalli ka danna?"

"Ranka shi daɗe, na magana da Hajiya na taɓa. Ban san mi ya faru ba. Pardon, a gahwarce ni."

"Injiniya ya duba, ya ce na'ura lafiyarta ƙalau. Ke Hajiya, kin ga wani abu?"

Ina tsaye, kunne yana bugawa kamar ana daka a ciki. Na san in na ce ban ga komai ba, maganar ta ƙare a kan Isuhu, kuma kwantiraginsa saura kaɗan a sabunta. Ga shi da mata da jariri a wani ɗan gida a Springfield. Ni kuma abin da nake karewa bai wuce kada a yi mini dariya ba. Wallahi duk da haka sai da na yi jinkiri, kuma wannan jinkirin yana ba ni kunya fiye da hujin.

Na sa hannu na kwance ɗankwalin daga gefe. Malam Kabiru ya gyara tabarau, ya leƙo.

"Subhanallahi. Hajiya, mene ne wannan?"

"Huji ne, ranka ya daɗe."

"A nan sama? Ke?"

"Ni."

Na bayyana musu komai, har da man kaɗanya. Malam Kabiru ya juya yana kallon taga, kafaɗunsa suna rawa. Isuhu bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Bon, Hajiya, da kin hwaɗa mini, ai sai in maido muryata kunnen dama. Waya guda ce za a sauya."

Hukuncina shi ne in kira farfesa da kaina. Na kira, na ba shi haƙuri, na faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan. Ya ce shi bai riƙe yaron ba, matarsa ma ta sha faɗa masa haka. Sannan ya tambaye ni ko kunnen yana fitar da ruwa, ko yana zafi in an taɓa. Da na ce e, ya ce kada in cire ɗan kunnen da kaina, in tafi asibiti a ranar, domin ciwon guringuntsi ba abin wasa ba ne, yana iya nakasa kunne. Ya yi mini lacca mai tsawo, ni kuwa ban katse shi ba.

An ba ni magani, na koma ga ruwan gishirin Baturiya, na sayi matashin wuya irin na matafiya ina kwana da kunnena a cikin raminsa. Na daina murzawa. Ya warke a hankali, kuma an sabunta wa Isuhu kwantiragi.

Abin da nake faɗa wa duk sabon da ya zauna gaban makirfo shi ne, masu sauraro ba sa ganinka, ka ɓoye musu abin da ka ga dama. Amma wanda ke bayan gilashi, in haƙori ke ciwo ko kunne ko zuciya, faɗa masa kafin a kunna jar fitila. In ka ɓoye, kai ne mai ciwon, amma shi za a kira ofis.