Tauraron da Ya Fito da Ni Tsakar Gida

Ko na tsufa, daren nan ba zai fita a raina ba. Bayan faɗan da aka yi a cikin gari ne, ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare. Mun kwana biyu ƙarƙashin gado a gidanmu na unguwar Farcha, wuta tana gilmawa ta taga. Aka gama, kowa ya koma harkarsa, ni kuwa na kasa fita tsakar gida. Bazara ta shigo, duk gida suna shimfiɗa a waje, ni ina ɗaki ina jiƙa da gumi. Ko ashana aka ƙyasta sai in zabura.

Rannan bayan isha'i yayana, mai karatun kimiyya a jami'a, ya leƙo da rediyonsa.

"Ke matsoraciya, rediyo ya ce an ga wani haske a sama!"

Inna ta ce, "Kai, ka rufa mana asiri! Wane haske kuma?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya yi mini bayani. Wai wani ƙaton tauraro ne makamashinsa ya ƙare, ya rufta cikin kansa, ya feso wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, ana ce masa gamma. Abin da ya feso yana ta karo da juna, ya yi zafi har ya ba da hasken da ido ke iya kamawa. Bai kai minti ba ya dushe.

Na ce, "Yaya, zai faɗo mana?"

Ya yi dariya. "Tun duniyar nan ba ta samu ba abin ya faru, saboda nisa sai yanzu haskensa ya iso. Zo in nuna miki wajen."

Na fito ina riƙe da gefen rigarsa. Ya nuna gabas, na duba, ban ga komai ba sai taurarin kullum.

"Ina yake?"

"Ai ya wuce tuni. Amma kin ji iska?"

Na ji. Inna ta jawo mini tabarma.

Yau yayana yana wata ƙasa mai nisa, sai murya a waya. Har yanzu ƙarar ƙofa tana firgita ni, kuma ba wanda zan riƙe wa riga. Amma na koyi cewa mai tsoro ba a ce masa ya daina. A samo abin da zai so ya gani, a tsaya kusa da shi.