Wasan da Ake Mutuwa a Tashi

A gidanmu na Zango, a Wagadugu, da an gama cin tuwo sai Kaka Ladi, mahaifiyar babanmu, ta jawo 'yar kujerarta kusa da murhu, inda sauran garwashi ke ja. Idonta ya riga ya yi rauni, amma kunnenta ko raɗa ba ta wuce shi. Nan muke kewaye ta mu sha tatsuniya, har shekarar da wani ɗan Nijar ya buɗe ɗakin wasan bidiyo a bakin titi. Daga nan muka lalace. Jikinmu na gaban murhu, hankalinmu na can.

Wata rana ni da yayana Sale muka kaure da musu a gabanta kan wasan da ya kawo juyin juya hali na gaskiya. Sale ya ce na ƙwallo ne, don 'yan wasan kamar mutane suke. Na ce wannan ado ne kawai. Wanda ya canza komai shi ne na jarumin da ke ratsa daji, saboda akwai ɗan katin da ake sokawa a na'urar ya riƙe maka inda ka tsaya. In an kashe ka, ka koma can ka sake.

“Kai Habu,” in ji Kaka, “ni na ga rebolisiyo, juyin juya hali na gaske, da idona a garin nan, ba a akwatin tele ba. Amma tsaya. Ka ce in ka mutu sai ka tashi?”

“Wi, Kaka. Ko sau ɗari.”

“To matso ka ji labarin ɗan'uwanka.”

Ta ce wani manomi ne aljani ya ba shi ƙwarya. In ya kifa ta, sai gari ya sake wayewa a jiya, ya gyara abin da ya ɓata. Mutumin ya daina tsoron komai. Ya zagi maƙwabci, ya kifa ƙwarya. Ya ƙi zuwa gona, ya kifa ƙwarya. Ran nan uwarsa ta aiko ya zo tana ciwo, ya ce sai ya gama barci, ai jiya tana hannunsa. Da aka zo masa da labarin rasuwarta ya zabura zai ɗauko ƙwarya, ta suɓuce ta fashe.

Na yi dariya na ce da kati ne da bai fashe ba. Ita ba ta yi dariya ba.

A shekarar ne aka ce za a rushe unguwarmu, kowa ya koma sabbin filaye a bayan gari. Tsofaffinmu ba sa barin wuri sai sun bi gida-gida sun nemi gafara, kowa ya yafe wa kowa. Kaka ta gama da na kusa. Saura Hajiya Binta, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda suka yi shekaru ba sa magana saboda wata kalma da aka faɗa a wurin suna. Gidanta na can ƙetaren kwalta, Kaka kuwa ba ta iya tsallaka titi ita kaɗai. Kunya ta hana ta gaya wa manya. Ni ta kira gefe.

“Alhamis da safe ka riƙe mini hannu, ka ji ko? Kar ka gaya wa ubanka.”

Na ce to. Amma mai ɗakin wasa shi ma ranar zai kwashe kayansa, ni kuwa saura mataki ɗaya in ƙare wasana. Na fita da sassafe, ina cewa a raina Juma'a ma rana ce. An kashe ni ya fi sau ashirin, ina tashi. Da na dawo bayan la'asar na tarar da Kaka zaune a zaure, sanye da mayafinta na unguwa, takalmi a ƙafa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi kawai, “Ka ci?”

Da muka je washegari, gidan Hajiya Binta ba kowa, har an cire ƙofofi. Babu wanda ya san inda suka nufa. Kaka ta shafa bangon da hannu, muka juya. A sabon gida ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba, kuma ba ta kai damina biyu ba ta rasu.

Shekaru bayan haka na haɗu da jikan Hajiya Binta a wani ɗan gidan abinci a unguwar Zogona. Ya ce ita ma ta rasu. A bakinsa na ji cewa ashe Kaka ta aika mata ta hannun wata mai koko cewa tana tafe ranar Alhamis.

“Tsohuwarmu hana direban motar kaya tashi ta yi,” in ji shi. “An gama ɗora kaya tun hantsi, tana zaune a ƙofar gida har la'asar. Sai cewa take, ku dakata, Ladi ba ta saɓa alkawari.”

Na daɗe ina ɗauka Kaka kaɗai na cuta. Tun ranar na san su biyu ne, kuma ɗayar ta tafi kabari tana zaton ƙawarta ce ta fasa zuwa. Na san gaskiyar, amma duk wanda ya kamata in gaya wa yana ƙarƙashin ƙasa.