Inci Uku da Rabi

A ma'aikatar harkokin waje, tun daga maigadi har zuwa minista, ba a san shi da wani suna ba sai Baba Inci. Takardar aikinsa ta ce kafinta ne mai daraja ta biyu, kuma haka ta ci gaba da cewa har shekara talatin da huɗu. Gajere ne, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihun gaba. A makarantar mishan ya koyi sana'ar, a hannun wani malami da ke sa yaro ya kwance aiki ya sake daga farko in an sami kuskure ko da kamar kaurin farce ne.

Ƙasarsu ƙarama ce, ba jiragen yaƙi, ba rijiyar mai. Abin da take da shi a idon duniya wani ɗaki ne a ginin ma'aikatar, mai tagogi huɗu da dogon tebur da kujeru ashirin da huɗu. Da yake babu mai jin tsoronta, waɗanda suka gaji da harbin juna sukan yarda su zo nan su zauna. Jakadiya, dattijuwar da ke shiga tsakaninsu, takan ce, "Mu ba mu da abin tsorata kowa, amma muna da wurin zama."

Wurin zaman nan kuwa a hannun Baba Inci yake. Shi ke auna sandunan tutoci kada ta wani ta ɗara ta wani. Shi ke ƙirga taku daga ƙofa zuwa kujera. Ƙofa ta biyu ma shi ya fasa ta, a shekarar da wasu tawagogi biyu suka kwana uku a otel saboda babu wanda ya yarda ya shiga a bayan ɗan'uwansa. Duk wata dabara kuma a gida yake fara gwada ta, shi ya sa babu kujera biyu a falonsa da tsayinsu ya zo ɗaya. Matarsa, wadda yake kira Malama don ta daɗe tana koyarwa a firamare, takan gaya wa baƙi, "Ku zauna a hankali, kujerun gidan nan duk sun yi wa ƙasa hidima."

Saura wata uku ya yi ritaya aka ce ɓangarori biyu na wani yaƙi mai shekara shida za su zo. Shugaban ɗaya janar ne, dogo kamar giginya. Na ɗayan kuwa wani dattijo ne da nakiya ta raba shi da ƙafafunsa, yana tafiya a keken guragu. Ranar Asabar aka aiki Baba Inci otel ya auna keken, don ya yi masa gangaren katako a bakin matakala. Ya auna faɗi kamar yadda aka sa shi, sannan, saboda hali zanen dutse ne, ya auna tsayin mazaunin. Ya ja tsaki a ransa. Keken ya gaza kujerun ma'aikata da inci uku da rabi. In aka zauna haka, gefen tebur zai tokare dattijon a ƙirji, Janar kuma zai riƙa leƙo shi daga sama kamar alƙali.

Ya tafi wurin Darakta, wani matashi mai tsabta da ke kula da tsare-tsaren baƙi.

"To, a yi masa ɗan dandamali mana," in ji Darakta.

"Ranka ya daɗe, masu hoto dandamalin za su ɗauka. Mutumin nan ba zai yafe mana ba."

"A ba Janar gajeriyar kujera."

"Shi kaɗai a cikin ɗaki? Kafin ya gama zama ya miƙe."

"To me kake so a yi, Baba?"

"A rage wa kowa. Kujeru duka, da teburin. In kowa ya sauka tare, babu wanda aka sauke."

Darakta ya ajiye biro. "Teburin da aka sa hannun 'yancin kai a kansa? Baba, ina ganin girmanka. Amma in zarto ya taɓa shi, takardar kora za ka gani, ba ta ritaya ba. Ka je ka yi gangarenka."

Jakadiya ce kaɗai za ta iya warware wannan, ita kuwa tana hanya, ba za ta sauka ba sai safiyar Litinin, awa ɗaya kafin a zauna.

Da rana ya koma gida, ya sa abinci a gaba yana juya cokali. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa rubuta masa ko da takardar gargaɗi ba, kuma abin da yake so ya fita da shi ke nan. Malama ta saurare shi har ya gama.

"In ba ka yanke ba, me zai faru?"

"Dattijon zai duba tebur, ya duba Janar, ya ce a juya keke."

"Sai kuma a koma harbi."

"Mai yiwuwa."

"Kai, Maigida! Shekara nawa kana gurgunta min kujeru ban ga hannunka ya yi rawa ba, sai yau da aka zo kan na gwamnati?" Ta tashi ta buɗe tsohuwar jakarta ta makaranta, ta ɗauko alli. "Ungo. Kowane guntu ka sa masa lamba, in sun ce a mayar ka mayar. Ka kuma kawo min mayafin teburin in rage masa leɓe, in ba haka ba zai ja ƙasa ya tona maka asiri. Wannan ma sai na tuna maka?"

Ranar Lahadi da hantsi ya shiga ɗakin ya rufe ƙofofin biyu. Ya fara da kujeru, ƙafa casa'in da shida. Kowace ya ja mata layi, ya yanke, ya goge bakin da sanfefa, ya rubuta lamba a guntun. Teburin ya bari daga ƙarshe. Ya daɗe da hannu a kan katakon kafin ya ɗaga shi da jak irin na mota, ya yanke ƙafa shida, ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ya share garin katako tas, ya shimfiɗa mayafin da Malama ta gyara, ya jera guntaye ɗari da biyu a akwati.

Ranar Litinin yana tsaye a inda ya saba, kusa da labule. Ƙofofin biyu suka buɗe tare. Janar ya zauna, aka turo dattijon, ya ɗora gwiwar hannunsa a kan tebur kamar kowa. Idonsu ya haɗu, kusan a layi ɗaya, bambancin da ya rage na halitta ne. Babu wanda ya lura da komai, sai mutum ɗaya. Jakadiya gajeriya ce, shekarunta duka a ɗakin nan ƙafafunta na reto a ƙarƙashin mayafi. Tana zama ta ji takalminta ya taka ƙasa. Ta ɗan dakata, ta ɗago kai ta nemo Baba Inci ta saman tabarau, sannan ta buɗe fayil ta yi wa baƙi maraba.

Kwana tara aka yi. An yi ihu, an buga teburin, sau biyu Janar ya fita shan iska, amma ya dawo. A rana ta tara aka sa hannu a kan tsagaita wuta na kwana casa'in, da buɗe hanya ɗaya ga motocin abinci. Ba zaman lafiya ba ne tukuna, amma an daina binne mutane a wannan damina.

Washegari Baba Inci ya sa rigarsa mai guga, ya ɗauki akwatin ya ajiye a gaban Darakta, ya faɗi abin da ya yi ba ragi. Darakta ya buɗe, ya ga guntayen da lambobinsu. Ya jawo takarda ya fara rubutu. Yana cikin layi na uku Jakadiya ta shigo.

"Baba Inci, wa ya ba ka izini?"

"Babu kowa, ranki ya daɗe. An ma hana ni."

"Nawa ka rage?"

"Uku da rabi."

"Tun ina ƙaramar ma'aikaciya kake kallon ƙafafuna suna lilo a ɗakin nan, ba ka taɓa tausaya min ba, sai da baƙo ya zo?" Ta juya ga Darakta. "Ɗana, gaskiyarka, doka ce, kuma ya karya ta. Rubuta masa gargaɗi, ni ma zan sa hannu. Kora kuwa babu. Teburin a bar shi yadda yake, mutanen nan za su dawo nan da wata uku."

"Guntayen fa?" in ji Darakta.

"Ya kwashe kayansa."

Haka Baba Inci ya yi ritaya da takardar gargaɗi guda ɗaya a fayil ɗinsa. Ta yi masa zafi kwana biyu. A na uku Malama ta sa ta a firam ta rataye a falo, sannan ta tura masa akwatin da ƙafa, ta nuna masa kujerunta. Mako guda ya yi yana aunawa yana haɗawa. Har yau wanda ya ziyarce su zai ga kujeru shida masu tsayi ɗaya, ƙafafunsu launi biyu, in kuma ya sunkuya zai ga lambar alli ba ta gama gogewa ba.