Tseren Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Damagaram ya san ƙafar wandonsa ta dama kullum a ɗaure take da roba, wai kada sarƙar keke ta ci. Ko ɗaurin aure za shi a ƙasa, sai ya ɗaure. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon malamin wasanni a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa gari ke ce masa Mushe, malam ke nan a bakin Faransa.

Shi ya ƙirƙiro mana tseren nan mai kashi uku: a yi iyo a tabkin bayan gari, a hau keke a nufi Mirriya, a dawo a ƙarasa da gudu. A garin da ruwan sha ma sai an yi layi! Tseren ba shi da rana. In damina ta zauna, Kawu zai shiga tabkin da rigarsa, ya yi ta tafiya. Mu tsaya a baki muna tambaya, "Mushe, yaushe ne?"

"Ran da ruwan ya kai min wuya. Yau a cibiya yake, ku tafi gida!"

Wata shekara wasu mutanen kamfani suka zo daga Yamai da mota mai kyau. Za su sa sunansu a tseren, su kawo riguna masu tambari da agogon auna lokaci, amma sai mai keken tsere da hular kwano zai shiga. Kawu ya saurare su tsaf.

"Akwai Sale mahauci, kekensa na da kwandon nama a baya. Zai shiga?"

"Mushe, ka san ƙa'ida..."

"To ku sha ruwa ku kama hanya, rana na yi."

Ni kam na ji haushi, ban ɓoye ba. Na ce, "Kawu, a can Yamai ne ake rubuta lokacin mutum, manya su gan shi. Nan wa ke ganinmu, awaki?" Da na ce zan je babban tseren Yamai, ya daina amsa gaisuwata. Sai wata safiya na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida.

"Fito, malalaci! In za ka je, ba za ka je ka kunyata ni ba."

Ya gasa min aya a hannu wajen horo har na tsani ganinsa. Na je, na dawo da lambar ƙarfe a wuya. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa.

"Na ƙarshe fa, me aka ba shi?"

"Irinta, Kawu. Kowa ya samu."

Ya miƙo min lambar. "Ashe suna da ɗan hankali. Amma kar ka gaya wa kowa na faɗa."

Bara ciwo ya kwantar da shi, likita ya hana shi fita. Ranar tsere sai ga shi a amalanken jaki, lulluɓe da bargo. Kowa ya iso, rana ta take, saura Sale mahauci, wanda tayarsa ta fashe a hanya. Na durƙusa na ce, "Kawu, jikinka na rawa, mu koma."

"Ba a tashi a bar mutum a hanya. Don irinsa na fara abin nan."

Muka jira. Can Sale ya ɓullo yana ɗingishi, yana haki. Kawu ya ɗaga hannu da ƙyar ya kama nasa, ya ce, "Ka iso." Bai sake fita daga gida ba.

Bana mutanen kamfanin sun sake kira. Na ce yaranmu za su je nasu tseren na Yamai, da yardar Allah, ni zan raka su. Na Kawu kuwa na kowa ne, haka zai zauna muddin ina numfashi. Na yi kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai bar kowa a baya ba, Ya Allah kada Ka bar shi.