Watannin da Malam Ya Yi a Gida

Wayar mai gidana ce ta yi ta kakkarwa cikin kwanon sha, inda ya saba jefa ta idan zai yi alwala. Ina tankaɗen gero da hantsi, na miƙa masa da hannuna duk gari. Ya saurara, ya ce innalillahi, ya zauna a kan turmi. Mahaifiyarsa ce ta rasu a ƙauyensu, can bayan iyakar jiha.

A lokacin yana kan sakin talala ne. Direba ne, motarsa ta kaɗe wani bawan Allah ya mutu, aka ɗaure shi. Da ya ci rabin wa'adinsa aka sako shi bisa sharaɗi: kada ya fita garin Sakkwato sai da izini, kuma duk mako ya je ofis ya sa hannu. Daga damina har wata damina bai taɓa saɓawa ba. An yi ɗaurin auren ƙanensa bai je ba. Mota ma ya daina ja, sai gyaran keke a bakin Ƙofar Taramniya. Kullum da safe yakan ɗora 'yar autarmu a kan kekensa ya kai ta makaranta, tana riƙe da rigarsa.

Ya kira jami'in da ke kula da shi, waya a kashe. Ya sake kira.

Na ce, "Malam, ka dakata ko zuwa azahar."

Ya ce, "Gawa na jiran azahar? Ni ne babba. Wa zai sa ta a kabari?"

Ni na ɗauko masa hularsa.

Da ya binne ta ya juyo, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma babban ɗa ba ya tashi daga tabarmar gaisuwa kafin sadakar uku, baffanninsa ma ba za su bari ba. Ranar sa hannu ta faɗa cikin kwanakin nan. Ya dawo da ƙullin gumbar sadaka, bai ko kwance ta ba aka zo aka tafi da shi.

Komawarsa gidan yari na karɓa, ƙaddara ce. Abin da ya hana ni barci shi ne watannin da ya yi a gida. Idan aka lissafa su cikin wa'adin, saura kaɗan ya fito. Idan aka ƙi, zai ɗora daga inda ya tsaya ranar da aka sako shi, kamar shekarar nan ba a yi ta ba.

Wani lauya maƙwabcin yayana a unguwar Mabera ya ce za a ba ni dama in yi magana gaban hukumar da za ta yanke hukunci kan lissafin. "Ki nuna musu ba sake yake ba. Ki ce zaman gidan nan ma ɗauri ne."

Na yi ta bitar maganar ina wanke-wanke, ina shara, don kada in manta. A ɗaure yake, ranka ya daɗe. Gidan nan kurkuku ya zame masa. Ban lura 'yar auta tana bakin ƙofa tana saurare ba. Ni kaina maganar tana yi min ɗaci, don ban taɓa jin daɗin aure irin na shekarar nan ba; ga shi a gida kowace magariba, muna cin tuwo kwano ɗaya.

Na je na faɗa. Suka saurare ni da mutunci, har ruwa aka ba ni. Suka ce shi ya karya sharaɗi, ba za a lissafa ba.

Da na dawo na tarar da 'yar auta zaune kusa da keken, wanda tayarsa ta riga ta sace. Ta dube ni.

"Inna, sun yarda?"

Na girgiza kai.

Ta shafa sirdin keken.

"Inna, ke kika ce ɗaure yake a gidanmu. To da yake kai ni makaranta yana yi min waƙa, a lokacin ma ɗaure yake?"